Na tsinci ledar giya a aljihun ɗana, ku ba ni shawara

Maman Ƴanbiyu: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Kwana uku ina rubuta wannan saƙo ina gogewa saboda kunya, amma na ga shiru ba zai fisshe ni ba. Ranar Asabar ina haɗa kayan wanki, na zazzage aljihun wandon makarantar babban yarona, shekararsa 15, sai ga wata ƴar leda a murɗe an tsotse ta tas. Na ɗauka maganin gargajiya ne, don hoton ganye da saiwa ne a jikinta. Da na kai hanci, warin ya buge ni. Na karanta ƙananan rubutun bayanta, ashe giya ce.

Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira, amma ranar na ajiye kunya na zaunar da shi. Ya rantse sau ɗaya ne, wai abokinsa ne ya ba shi a hanyar dawowa daga makaranta. Na karɓi wayarsa na kwana ina dubawa. Ban ga inda aka ce masa ya je ya saya ba. Abin da na gani bidiyo ne iri-iri a TikTok da Instagram: mawaƙa da ƴan wasan barkwanci, kowa da kwalba a gefensa, gidajen rawa ana shigo da kwalabe da tartsatsin wuta ana tafi, ƴan ƙwallo a gaban allo mai ɗauke da tambarin kamfanin giya. Da na tambaye shi, yaron nan ya lissafa mini sunayen giya sun fi goma, har ya san wadda ta fi tsada. A Kaduna muke, unguwarmu babu gidan giya, kuma kaf danginmu da na babansa ba mai sha.

Tambayata ita ce, waɗannan abubuwan da yake kallo su ne suka ja shi? Ko kuwa ina neman wanda zan ɗora wa laifi ne kawai? Babansa bai sani ba tukuna.

Kawu Na Fagge: Wa alaikumussalam. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sanyaya miki zuciya, Hajiya. Amma ni a ganina kar mu bar jaki mu doki taiki. Matsalar shaye-shaye a Arewa ba giya ce kan gaba ba. Kodin, tiramol, wiwi, sholisho, su ne suka cinye mana yara, kuma wa ya taɓa ganin tallarsu a talabijin ko a waya? A 2018 sai da binciken BBC ya tona yadda ake safarar maganin tari mai kodin kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi. Babu mawaƙin da aka biya ya tallata shi, amma ya shiga har ɗakunan matan aure. Abokin banza shi ne tushe. Ki raba shi da wannan yaron, ki ƙwace wayar na wani lokaci, ki dage da addu'a.

Malamin Sakandare: Kawu, ina girmama maganarka, amma shekarata 17 ina koyarwa, kuma abin da nake gani yanzu ya bambanta da na da. A da idan muka kama yaro da kayan maye, zai sunkuyar da kai, ya san ya yi abin ƙasƙanci. Mai shan sholisho ba ya alfahari da shi. Giya kuwa ta samu wani matsayi na daban a idon yaran yanzu, sun ɗauke ta alamar wayewa da samun kuɗi. Na taɓa karɓar littafin wani ɗalibi ɗan aji huɗu, bayan littafin duk zanen tambarin wata giya mai tsada ne, ya zana shi tsaf kamar yadda muke zana tambarin ƙungiyar ƙwallo muna yara. Bai taɓa ganin kwalbar ido da ido ba, kuɗinta ya fi albashina na wata. A ina ya san ta? Shi abokin banzan da kake magana, shi ma wani wuri ya gano.

Kawu Na Fagge: Malam, ai mu nan Kano Hisbah ba ta wasa. A Nuwamban 2020 an fasa kwalabe kusan miliyan 2, a farkon 2022 aka fasa fiye da miliyan 3 da dubu ɗari takwas. Allon tallar giya ba za ka gan shi a titin cikin gari ba.

Malamin Sakandare: To ai nan gizo ke saƙar, Kawu. Hisbah tana tare tirela a hanyar shigowa gari. Wayar da ke ƙarƙashin matashin yaro ƙarfe ɗayan dare fa, wa zai tare ta? Allon da aka hana kafawa a titi yanzu yana cikin aljihun kowane yaro, kuma wannan allon ya san shekarun mai kallonsa, ya san abin da yake so.

Mai Haɗa Talla: Bari in sa baki, don wannan sana'ata ce. Ina haɗa wa ƴan kasuwa talla a Facebook da Instagram, masu atamfa da turare da gidajen abinci. Ban taɓa karɓar aikin giya ba kuma ba zan karɓa ba, amma kayan aikin iri ɗaya ne, don haka na san yadda abin ke tafiya.

Anti Maman Ƴanbiyu, kin ce ba ki ga inda aka ce masa ya saya ba. Haka ne, kuma da gangan ne. Talla iri biyu ce a intanet. Akwai wadda kamfani ke biyan manhaja kai tsaye, ya zaɓi shekarun masu gani da garinsu da abin da suke sha'awa. Wannan tana da ƙa'ida a rubuce: ba a nuna tallar giya ga wanda bai kai 18 ba. Sai dai manhajar da me take sanin shekarun yaro? Da abin da ya rubuta da hannunsa ranar da ya buɗe shafi. Ƙa'idar buɗe shafi shekara 13 ce, kuma yaran da na sani kusan duk ƙarin shekaru suke yi. Yaron da ya buɗe yana da 11 ya ce shi 18 ne, yau manhajar tana ɗaukarsa magidanci. Ga kuma waɗanda ke amfani da wayar yaya ko ta uba.

Iri na biyu shi ne ya fi haɗari, kuma shi kika gani. Kamfani zai ɗauki mawaƙi ko ɗan barkwanci mai miliyoyin mabiya ya naɗa shi jakada. Ba zai fito ya ce ku sha ba. Zai yi bikin zagayowar haihuwarsa kwalbar tana kan tebur, zai shiga jirgi tana hannunsa, zai yi wasan ban dariya tana bayansa an juyo da tambarin saitin kyamara. A wurin manhaja wannan bidiyo ne kamar kowane, babu shingen shekaru a kansa. Daga nan mabiya su ɗauka su yaɗa kyauta, wasu su kwaikwaya da nasu kwalaben.

Sannan ita manhajar tana auna daƙiƙa nawa ka tsaya a kan kowane bidiyo. Ba sai ka danna alamar so ba. Yaro ya tsaya ya kalli bidiyon gidan rawa har ƙarshe, ya maimaita sau biyu, gobe za a kawo masa biyar irinsa, jibi ashirin. Shi ya sa wayarki da tasa kamar garuruwa biyu ne. Ke kina ganin girke-girke da wa'azi da masu sayar da leshi, kina zaton shi ma abin da yake gani ke nan.

Maman Ƴanbiyu: Wallahi haka nake zato. Ni ban taɓa cin karo da irin waɗannan a tawa ba, ko sau ɗaya.

Baban Khalifa: Ni fa ina da ja. Ganin abu daban, aikata shi daban. Mu ma mun taso muna kallon gasar zakarun Turai, kamfanin giyar Heineken ke ɗaukar nauyinta tun 2005, duk hutun rabin lokaci sai an nuna koriyar kwalba. Gidan kallon ƙwallo a cike yake da mu, kuma ga mu nan ba mu sha ba. Yanzu ma Guinness ce giyar gasar Firimiya ta Ingila tun kakar 2024. In talla ce ke sa sha, da duk Arewa ta zama mashaya. Tarbiyya ce kawai. Yaron da aka gina shi da tsoron Allah ko a cikin kamfanin giya ka ajiye shi ba zai taɓa ba.

Anti Nas: Baban Khalifa, don Allah a riƙa tauna magana. Wannan baiwar Allah ta kawo kukanta, kai kuma kana nuna kamar ta gaza a tarbiyya. Na yi aiki a sashen masu taɓin hankali da shaye-shaye, na ga ƴaƴan malamai, na ga mahaddata, na ga ƴaƴan gidajen da ko rediyo ba a kunna waƙa. Ba wanda ya fi ƙarfin jarrabawa.

Maganar cewa kai ka gani ba ka sha ba, Alhamdulillah, amma ba haka ake auna abu ba. Ba duk wanda sauro ya ciza ke kwanciya zazzaɓi ba, wannan bai wanke sauro ba. An yi nazari a kan wannan tambayar sosai. A 2009 wasu masana suka tattara bincike 13 da aka bi matasa fiye da 38,000 na tsawon lokaci, ana duba yawan tallar giyar da suke gani tun kafin su fara sha, sannan a dawo bayan watanni ko shekaru a ga wa ya fara. A 12 daga cikin 13 an samu abu ɗaya: wanda ya fi ganin talla ya fi saurin farawa, wanda ya riga ya fara kuma ya fi ƙara yawan sha. Yawancin binciken a Amurka da Turai aka yi, kuma lokacin talabijin da mujallu ne, kafin waya ta zama abin da ta zama. A Mayun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto musamman a kan tallar giya da ke tsallaka iyakokin ƙasashe ta intanet, tana gargaɗin cewa matasa na cikin waɗanda ake hari, kuma dokokin ƙasashe sun kasa cim mata.

Abin da ya sa shekarun farawa ke da muhimmanci: ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma sashen gaba, mai auna sakamako da taka wa zuciya birki, shi ne na ƙarshen kammaluwa. Wani babban bincike a Amurka ya nuna wanda ya fara sha kafin shekara 15 ya ninka wanda ya fara bayan 20 kusan sau huɗu wajen yiwuwar zama wanda ba ya iya rabuwa da ita. Kamfanonin nan ba jahilai ba ne. Ba a zuba biliyoyi a abin da ba ya kawo ciniki.

Baban Khalifa: Anti, Allah ya huci zuciyarki. Ban yi nufin cin fuska ba. Maman Ƴanbiyu, ki yafe ni. Amma har yanzu ina ganin su kamfanonin za su ce manya suke wa talla, don mai shan wannan ya koma waccan.

Anti Nas: Haka suke cewa kullum. Masu taba sigari ma haka suka yi ta faɗa shekara da shekaru.

Ɗan Jos: Na daɗe ina karantawa ina tunanin ko in yi magana. Zan yi, ko Allah zai sa wani ya amfana. Ni na sha. Na fara ina da 16, na yi shekara tara a ciki, yanzu shekarata shida da dainawa.

Kawu yana da gaskiya ta wani ɓangare. Abin da ya kusa kashe ni goskolo ne, wata giyar haɗin gida mai ƙarfi, wanda duk ɗan Jos ya san irin ɓarnar da ya yi wa matasa, Musulmi da Kirista. Goskolo ba shi da talla, ba shi da tambari, a jarka ake sayar da shi. Kuma aboki ne ya miƙo mini kofin farko. Amma ku tambaye ni me ya sa na karɓa. Na taso ina jin mashayi shi ne wanda ke kwana a kwata, yara na binsa da jifa. Da wannan hoton kaɗai ne a kaina, da ban karɓa ba. Sai dai kafin ranar na yi shekaru ina ganin wani hoton daban: mutum mai tsabta, da mota, da mata, da abokai suna dariya, kowa na girmama shi, kwalba a hannunsa. Lokacin ma a bidiyon waƙoƙi ne da Facebook a shagon intanet. Wannan hoton ne ya cire mini ƙyamar. Ranar da aka miƙo mini, ban ji kamar zan zama na cikin kwata ba, ji na yi kamar na shiga sahun waɗancan.

Kuma ga abin da ba a nunawa. Mai tsadar ake tallatawa, amma yaron talaka ba ita zai sha ba. Zai tashi da sha'awar kwalbar dubu ɗari, aljihunsa na da naira ɗari biyu, sai ya sayi abin da kuɗinsa ya kai. Ni hantata ta taɓu, na rasa karatuna a aji biyu na jami'a, mahaifiyata ta rasu ba ta ga shiryuwata ba. Wannan shi ne abin da har yau nake kuka a kansa.

Umma, ki ba ni dama in kira ki haka. Kar ki yarda da maganar sau ɗaya ce ki kwanta, ni ma haka na ce. Amma kar ki tozarta shi a gaban ƙannensa. Ranar da aka tara mini dangi aka yi mini tofin Allah tsine, ranar na daina jin kunyar kowa.

Maman Ƴanbiyu: Ɗana, ka sa ni hawaye. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya tabbatar da kai a kan shiriya. Na gode da ka buɗe cikinka saboda ni.

Hajiya Mai Kanti: Allah ya ƙara maka lafiya, Ɗan Jos. Maganar ledar nan nake so a tsaya a kai, don ina harkar kanti na san yadda take yawo. Ita giyar kwalba da aka sani ƙarfinta bai cika wuce kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ba. Ta leda kuwa kashi 30 ne zuwa sama. Ga araha, ga ta tana shiga aljihu ko safa, a tsotse a yar kamar fiya wata. Da yawa kuma da sunan magani ake sayar da su, a ce na basir ne, na ciwon baya, na ƙarfin maza, a zana ganye a jiki. Na san magidanta masu sallah a sahun gaba da ke sha suna cewa ai magani ne. A tashar mota da bakin kasuwa a faranti ake jera su tare da goro da alawa.

NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta san da wannan. Tun Disamban 2018 aka yi yarjejeniya da kamfanonin cewa an ba su shekara biyar su daina zuba giya a leda da ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba. Wa'adin ya cika ƙarshen Janairun 2024, shugabar hukumar Farfesa Mojisola Adeyeye ta ce an fara kamawa, kuma dalilin da ta bayar shi ne yara ƴan makaranta. Sai masu masana'antu da ƴan ƙwadago suka fito zanga-zanga wai za a rasa ayyuka, Majalisar Wakilai ta nemi a dakata, aka sake ɗaga wa'adin zuwa ƙarshen 2025. Ana ta wannan ja-in-ja, ga ta nan ta iso aljihun yaron Hajiya.

Mai Haɗa Talla: Ta ɓangaren talla ma akwai hukuma, ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022. A doka duk tallar da za a nuna wa ƴan Najeriya sai an tantance ta, har ta intanet. Tallar giya a rediyo da talabijin sai dare, kuma ba a kafa allonta kusa da makaranta ko wurin ibada. A Oktoban 2022 hukumar ta kai kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja tana neman naira biliyan 30 saboda tallace-tallacen da ba a tantance ba. Amma dokar sai dare wane aiki za ta yi a waya? Daren ma shi ne lokacin da yara suka fi riƙe ta. Kuma ma'aikata nawa za su zauna su kalli bidiyon kowane mai mabiya don gano wanda aka biya?

Ɗan Zango Kumasi: Salamu alaikum daga Gana. Mu nan an taɓa wannan wurin daidai. Tun 2015 hukumar abinci da magunguna ta hana amfani da fitattun mutane a tallar giya, mawaƙi ko ɗan fim ko ɗan ƙwallo, saboda yara na koyi da su. Masu harkar waƙa suka yi ta ƙorafi cewa an toshe musu hanyar abinci, har aka kai ƙara Kotun Ƙoli. A Yunin 2024 kotun ta yanke hukunci, alƙalai biyar suka goyi bayan hukumar, biyu suka saɓa, dokar ta tsaya. Sai dai in faɗa muku gaskiya, yaranmu na zango mawaƙan Legas suke bi fiye da na Ankara, babban birninmu. Dokar Gana ba ta hau kan wanda ke ɗora bidiyo daga Legas ko Landan ba. An rufe ƙofa, taga a buɗe.

Ɗan Damagaram: Ni ina karatu a Faransa. Nan dokar Evin ta 1991 ta hana tallar giya a talabijin da ɗaukar nauyin wasanni, a ƙasar da giyar inabi take cikin al'adarsu. Ku ji dabarar da kamfanoni suka ɓullo da ita: gasar rugbi da a da ake kira Kofin Heineken, a Faransa sai aka riƙa kiranta Kofin H, launi da zane duk suna nan, sunan kawai aka cire. Wata dabarar ita ce tallata wadda ba ta da maye, mai sifili, da kwalba da tambari iri ɗaya da mai mayen. Ita ce ɗan ƙwallon nan Paul Pogba ya ɗauke daga gabansa a taron manema labarai lokacin gasar Turai a 2021. A 2023 kuma wata kotu a Paris ta umarci Meta ta sauke hotunan wasu masu mabiya a Instagram da ke tallar giya. Lituweniya ta hana tallar gaba ɗaya a 2018 har ta intanet, ta kuma ɗaga shekarun saye zuwa 20. Norwe tun 1975 ta hana. Waɗannan ba ƙasashen Musulmi ba ne, lissafin asibiti da haɗarin mota ne ya kai su.

Malamin Sakandare: Wannan dabarar ta tambari ɗaya ai muna da irinta a gida. Lemon malt da muke rabawa a biki da suna, wasu da sunan kamfanin giyar da tambarinsa suke fitowa. Ban ce haramun ba ne, wannan na malamai ne. Ina nufin yaro ya saba da sunan tun yana goye.

Kawu Na Fagge: To na ji, kuma maganar Ɗan Jos ta shige ni. Na yarda waya na da hannu. Amma har yanzu ina tsoron mu koma jiran gwamnati da Turawan da suka ƙera manhaja. Ayar Ma'ida ba cewa ta yi kar a sha kawai ba, cewa ta yi a nisance ta. Hadisi kuma ya haɗa mai sha da mai sayarwa da mai ɗauka da mai cin kuɗinta. Malamanmu su riƙa faɗa wa yara cewa yaɗa irin wannan bidiyon ma ɗaukar kaya ne. Ni dai a gidana ba mai riƙe babbar waya sai ya gama sakandare.

Anti Nas: Kawu, wa'azin yana da kyau, ina goyon baya. Hana wayar ne nake da shakka. Ostireliya ta yi dokar hana ƴan ƙasa da 16 shiga shafukan sada zumunta, amma can ƙasa ce gaba ɗaya, kuma kamfanonin aka ɗora wa nauyin. Gida ɗaya a unguwa in ya hana, yaron zai kalla a wayar aboki, kuma ya koyi ɓoye maka. Na fi son uwa ta zauna kusa da ɗanta su kalla tare, ta tambaye shi: wa kake jin ya biya kuɗin wannan bidiyon? Me ya sa aka juyo da kwalbar haka? Matashi ba abin da ya tsana kamar ya gane ana wasa da hankalinsa.

Mai Haɗa Talla: Ga abin da za ki iya yi yau, Anti. Ki duba ranar haihuwar da ya sa a kowace manhaja, in ta ƙarya ce a gyara ko a buɗe sabon shafi da ta gaskiya, don shafin ƴan ƙasa da 18 yana da ƙarin kariya. A saitin talla na Google da na Facebook akwai inda ake zaɓar a rage nuna tallar giya, Google har da ta caca. TikTok na da tsarin haɗa wayar uwa da ta yaro, Google ma na da irinsa mai suna Family Link. Sannan ku bi mutanen da yake bi ɗaya bayan ɗaya, shi da kansa ya cire, kuma duk bidiyon da ya fito ya danna ba ya so. Cikin ƴan kwanaki za ki ga abin da ake kawo masa ya fara canzawa. Ba zai tsarkake duka ba, musamman in yana kallon ƙwallo. Waya kuma ta riƙa kwana a falo, har taku ta manya.

Baban Khalifa: Na duba wayar Khalifa jiya da daddare bayan na karanta bayanin nan. Shekararsa 13. A shafinsa an rubuta an haife shi 1999. Na ga abin da ban yi zato ba. Na janye maganata ta farko.

Maman Ƴanbiyu: Na dawo in ba ku labari, tunda kun tsaya mini. Na faɗa wa babansa daren Talata bayan yara sun kwanta. Ya yi shiru ya fi minti goma, na ga idonsa ya kaɗa. Na karanta masa saƙon Ɗan Jos, shi ya sa bai ɗauki bulala ba. Da asuba suka tafi masallaci tare, ba su dawo ba sai da rana ta fito. Ban san duk abin da suka tattauna ba, amma yaron ya amsa cewa sau uku ne, ba ɗaya ba, kuma a wani teburin mai kayan tireda kusa da makarantarsu ake saye.

Jiya mun zauna ni da shi mun bi shafukan kamar yadda aka ce. Shekarar haihuwar da ya sa ta girmi aurena. Muna cikin cirewa ya tambaye ni, Umma, in tana kashe mutane, me ya sa ake barin sunanta a filin ƙwallo duniya na gani? Na ce masa kuɗi ne. Ya ce to su ƴan wasan da ke sujada in sun ci ƙwallo fa, ba su gani ba? Na ba shi labarin wanda ya ɗauke kwalbar daga gabansa, ya ce zai nemi bidiyon.

Anti Nas, zan yi miki magana ta gefe, ina so a duba lafiyarsa ba tare da an sani ba. Malam, shawararka nake nema a kan mai teburin nan: shugaban makaranta za mu fara samu ko mai unguwa? Ba na so sunan yarona ya fita.

Saura mahaifiyar abokin nasa. Maƙwabciyata ce, tare muke zuwa Islamiyya, kuma na tabbata ba ta sani ba. Babansa ya ce in bari, kar a ce mun ɗora wa ɗansu laifi. Ni kuma na kasa barci, don da ita ce ta tsinci ledar zan so ta faɗa mini. In an yi Magariba zan saka hijabi in shiga wurinta.